Lambar Busasshiyar Bishiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ke nan rabona da ƙofar gidanmu. Sai da na lissafa da yatsu kafin in ɗauki biro, don kada in fara miki da ƙarya tun a layin farko. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sassauta mata ciwon gwiwar nan, Ya bar mata ɗan ganin da ya rage a idonta. Ni ma ina nan lafiya, sai dai bayana da ya fara yi mini gardama. In na sunkuya, sai mun yi shawara da shi kafin in miƙe.

Takardarki ta iso tun wata biyar da suka wuce, kuma na san kina can kina cewa ɗan banzan nan ko amsa ya kasa. Kin yi gaskiya. Na ji Auta ta sauka lafiya, an samu mace, Allah Ya raya ta, Ya sa kada ta gado bakin uwarta. Na ji Kawu ya ajiye tuƙi saboda ido, abin da ya kamata ya yi tun kafin ya kwashe katangar mutane. Na kuma ga tambayoyinki biyu da kika ja wa layi: yaushe zan zo, kuma me na tara a duk shekarun nan. Zan amsa miki duka biyun, amma ki yi haƙuri in bi ta doguwar hanya. Abin da ya hana ni amsawa da wuri shi ne ɗan layin da kika maƙala a ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe, kamar kina jin kunyarsa, cewa an sare tsamiyar tsakar gida saboda saiwarta ta tsaga bangon maƙwabci, kuma har yanzu Inna takan ce a kai mata tabarma gindin tsamiya, ku kuwa ku shimfiɗa mata a rana ku tare ta da zani. Yaya, na karanta layin nan a tsaye, na ƙarasa shi a zaune.

Ban taɓa yi miki bayanin aikina sosai ba, kullum cewa nake ina aikin gwamnati, don ya yi daɗin faɗa a gaban mutane. To gaskiyar ita ce ni mai ban ruwa ne a hukumar da ke kula da lambunan shaƙatawa na birnin nan. Lambu arba'in da wani abu suke da shi, manya da ƙanana, ni kuma ina ɗaya daga cikin ƙananan, can gefen gari kusa da tashar mota. Ƙarfe shida nake buɗe ƙofa, in ja tiyo, in share ganye, in tsince robobin da mutane suka watsar, in duba sarƙar lilon yara ko ta ci, in ɗaure bencin da ya kwance. Komai a nan da takardarsa. Akwai takardar ranar da tankar ruwa za ta zo, da ta tsawon da ciyawa za ta kai kafin a aske ta, da ta masu neman filin ƙwallo, wane daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, wane daga biyar zuwa shida. A ofis, hawa na uku, akwai taswirar birnin cike da bango guda, an soka wa kowane lambu koriyar allura. Namu allurarsa ta karkace, kuma shekara goma sha ɗaya ba wanda ya miƙe ta. Ba zan ci amanarsu ba, tsarin yana aiki. Mai aikin asibiti takan zo ta ci abincinta a inuwa, tsofaffi su zo su yi gardamar da suka bari jiya, yaran da ɗakin iyayensu ko taga babu su zo su yi gudu har su gaji. Amma mu masu koren kaya, mutane kan gan mu ne kamar yadda suke ganin kwandon shara. Suna tuna mu ranar da ba mu zo ba.

Kin tuna ranar da zan tafi, Inna ta cusa mini wani ƙullin leda a gefen jaka, ta ce in kewa ta dame ni in tsotsa? 'Ya'yan tsamiyar gida ne. Na tsotse su kaf a shekarar farko, don kewar ba ta yi mini da sauƙi ba, amma ban zubar da ƙwallayen ba. Suna cikin gwangwanin da nake ajiye allura da maɓalli har shekara biyu. Wata rana da ruwa ya sauka, ƙasa ta yi taushi, sai na ɗebi biyar na binne a lungun lambun, bayan ɗakin ajiye kayan aiki, inda ba mai zuwa. Ban tambayi kowa ba. A lokacin ina leburan wucin gadi, wanda in ya yi tari da ƙarfi ma ana iya sallamarsa, ina ni ina zuwa ofis da zancen shuka? Biyu suka fito. Ɗaya mai injin yankan ciyawa ya aske ta tun tana da tsawon ɗan yatsa, da na yi magana ya ce ai ba ta gabatar masa da kanta ba. Ɗayar na kewaye ta da duwatsu, na riƙa ba ta ragowar ruwan tiyo. Shekara tara ina kallonta. Ta wuce gwiwata, ta wuce kafaɗata, ta wuce rufin ɗakin kaya. A gindinta nake cin abincin rana, a gindinta nake karanta takardunki. In iska ta kaɗa, ƙananan ganyen nan suka zubo mini a wuya, wallahi sai in ji kamar zan ji muryar Inna tana cewa in tashi daga nan kada tururuwa ta shiga mini wando. Bana ne ta fara 'ya'ya.

To a daidai lokacin da takardarki ta zo, hukuma ta fito da sabon aiki, wai ƙidayar bishiyoyi. Aka turo ma'aikata da guduma da buhun lambobin ƙarfe, kowace bishiya a buga mata lamba a jiki, a rubuta a rajista irinta da shekarunta da lafiyarta. Da suka zo kan tawa suka duba tsohon zanen lambun, ba su gan ta ba. Suka ce wannan ba ta cikin tsari, tsirowa ta yi da kanta, kuma duk wadda ba ta da lamba za a tumɓuke ta in an gama ƙidaya, don irinsu ne ke fasa bututun ruwa a ƙasa. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina jin su, na ci gaba da shara. Da na buɗe baki a ranar, da ban kai ga rubuta miki wannan doguwar takarda ba. Amma takardarki na cikin aljihuna, ina jin ta kamar garwashi, ina cewa a raina an sare uwar, yanzu kuma za a tumɓuke 'yar a gabana.

Sai shaiɗan ya kawo mini dabara, ni kuma na karɓe ta hannu bibbiyu. A ɗaya gefen lambun akwai wata tsohuwar darbejiya da gara ta cinye cikinta, ta bushe ƙayau, ko ganye ɗaya babu. An buga mata lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Na ce a raina, me matacce zai yi da lamba? Da sassafe kafin in buɗe ƙofa na zare ƙusar, na kai lambar jikin tsamiyata na buga, har ina ba ta haƙuri saboda zafin ƙusa. Na koma gefe na kalle ta, na ji kamar na yi wa 'yata takardar zama ɗan ƙasa. Wata uku ina tafiya ina jin kaina mai wayo. Masu tumɓuka suka zo, suka ga ƙarfe na walƙiya a jikinta, suka wuce. Abin da ban sani ba, don ban taɓa ganin cikin rajistar ba, shi ne abin da aka rubuta a gaban wannan lamba: ta bushe, a sare.

Ranar wata Talata an tura ni zana farin layi a filin ƙwallo, sai na ji kukan injin zarto daga bayan ɗakin kaya. Na yar da bokitin na ruga, bayan nan nawa mai gardama ranar bai ce komai ba. Kafin in isa sun gama da rassan, don daga sama suke farawa, sun kuma yanke gangar jikin gunduwa-gunduwa har ta dawo daidai ƙirjina. Shugaban masu zarton wani ne da muke kira Ba-Ruwana, saboda kalmar da ta fi zama a bakinsa ke nan. Na riƙe masa hannu ina ihu, ina cewa ba ya ganin ɗanyen ganye ne? Ya kashe injin, ya nuna mini takarda, ya ce shi ma ya ga ganyen, har ya yi mamakin matacciyar da ke 'ya'ya, amma takarda ta ce ta mutu, kuma takarda ta yi makaranta, shi bai yi ba. Ya ce lamba ake biyansa ya karanta, ba ganye ba. Sai da ya kalli fuskata da kyau, ban san abin da ya gani ba, ya tofar da tsinken bakinsa ya ce haƙoran zartonsa sun dakushe, zai zauna ya wasa su, kuma wasin nan yakan ɗauki daidai lokacin da mutum zai je ofis ya dawo, in mutumin bai tsaya gaishe-gaishe a hanya ba. Allah Ya saka masa. Na zage shi a raina shekaru da yawa, ranar na janye rabi.

Shugabar sashenmu mace ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, muna kiranta Mai Jan Biro don ba ta rubutu da wani launi. Na hau hawa ukun nan da fenti a ƙafafuna, na tsaya a gaban teburinta na zayyana mata komai, tun daga ƙullin ledar Inna har zuwa ƙusa. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta bari na gama, ta yi mini tambaya ɗaya tak: ita ainihin mai lambar tana ina? Ta sa ni a motar hukuma muka koma, ta wuce tsamiyar ko kallonta ba ta yi ba, ta ce in kai ta wurin darbejiyar. Muka tsaya a gindinta. Yaya, shekara nawa ina wucewa ta wurin, amma sai ranar na ɗaga kai na gani da idon hankali. Babban reshenta, busasshe, mai kaurin cinyar mutum, ya miƙa daidai saman lilon yara. A lokacin ma wasu 'yan mata biyu ƙanana na kai, ɗaya na tura ɗaya, suna dariya. Ta ce tun wata uku da suka wuce bishiyar nan ke cikin jerin masu haɗari, amma da na cire lambar, na cire ta daga idon ofis gaba ɗaya. Da yau an sare tawa, da an rubuta an gama da ɗari biyu da sha huɗu, wannan kuwa ta ci gaba da tsayuwa har ranar da iska za ta yanke mata hukunci. Ta ce bishiya dubu tara ke hannunta, ita kuma ido biyu gare ta, lambar nan ita ce bakin da bishiya ke magana da ofis da shi, ni kuwa na ɗauke bakin mai ciwo na ba mai lafiya. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi mini sauƙi. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba, na 'ya'yan mutane.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ta faɗa a hanyar komawa. Ashe akwai takarda, shafi ɗaya tal, da duk mai son shuka bishiya a lambun hukuma zai cike, a zo a duba wurin ko akwai bututu, a ba shi izini, a ba bishiyar lamba. Ta ce da na tambaya. Haka ne, matambayi ba ya ɓata. Amma ni ma na gaya mata, cikin ladabi, cewa shekara goma sha ɗaya ina haƙa ramin da manyan mutane ke zuwa su saka shuka a ciki ana ɗaukarsu hoto, in sun tafi ni ke ba ta ruwa har ta girma, kuma ba wanda ya taɓa ce mini takardar nan har da irina. Ta ce wannan kuma laifinsu ne. Ban taɓa jin wani daga hawa na uku ya faɗi haka ba. Na ba ta gaskiyarta, ta ba ni tawa, sai dai tata ta fi nauyi.

A ranar aka kewaye lilon da igiya, aka sare darbejiyar, ni na riƙe musu tsani. Kututturen tsamiya kuma ta ce a bar shi wata shida. In ya yi toho, za ta ba shi lambarsa ta kansa, in bai yi ba a tone shi, kuma kada in zo mata da kuka. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, ta farko tun da na fara aiki. A dokarsu, mai takardar gargaɗi ba ya tafiya dogon hutu sai ya cika wata shida ba wani laifi. Ga amsar tambayarki ta farko ke nan. An riga an sa mini hannu a hutun, na so in faɗo muku ba sanarwa a watan da ya wuce, har na sayi jaka. Shekara takwas ban zo ba don in na ɗaga ƙafa wani zai maye gurbina, shekara uku kuma ban zo ba don kunyar shigowa hannu na dukan cinya, wannan ba zan ɓoye miki ba. Da na yi ƙarfin hali na ce bana ko da me zan zo, sai na toshe wa kaina hanya da ƙusa ɗaya. Ba wanda ya yi mini, ni na yi wa kaina. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina roƙon ki ce wa Inna kada ta bari gida ya bar ni tukuna, saura wata huɗu da 'yan kwanaki. Kada ki gyara mata labarin, ki faɗa mata yadda yake. Ta san ɗanta, ba za ta yi mamaki ba.

Kullum da safe, kafin in ja tiyo ko'ina, wurin kututturen nake fara zuwa. Na shafe masa kan da laka don rana, ina ba shi ruwa, ina yi masa magana, har tsofaffin benci sun fara ce mini mijin kututture. Sati biyar ba abin da ya motsa. A na shida na ga wani ɗan abu ja-ja ya leƙo ta gefen gabas, ƙasa da ramin ƙusar kaɗan. Mai Jan Biro ta zo ta duƙa ta duba, ta yi rubutu a littafinta, ta tafi. Washegari na tarar an manna takardar nan mai shafi ɗaya a ƙofar ɗakin kaya, inda kowane lebura zai gani.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga ɗan ƙullin tsumma. Ranar da aka sare ta, kafin motar kwasar itace ta zo, na bi rassan ɗaya bayan ɗaya na tsince 'ya'yan. Yawancinsu ɗanyu ne, kaɗan ne suka nuna. Ki kwance ƙullin ki zuba a tafin Inna, kada ki gaya mata ko mene ne, yatsunta za su gane. Ki ce mata jikokin tsamiyarta ne suka riga ni zuwa. Ki jiƙa su kwana ɗaya kafin ki shuka, ki nisanta su da bango sosai, kuma don Allah ki tambayi maƙwabci tukuna, ki ɗauki darasi daga ƙanenki. Na san Inna ba lallai ta sha inuwarsu ba, ba na yaudarar kaina. Amma in an shimfiɗa mata tabarma aka ce ga ta a gindin tsamiya, ko da tsawon ɗan yatsa ce, ba a yi mata ƙarya ba.

Ki gaishe mini da Inna, ki riƙe hannunta ki daɗe, a madadina. Ki gaishe da maigidanki, na gode da ɗawainiyar da yake yi da gidan da ba nasa ba. Ki gaishe da Kawu da Gwaggo, da Auta da baƙuwarta, da yaranki duka har wanda bai san ni ba sai a hoto. Ki gaishe da maƙwabcinmu, ki ce ban riƙe shi a rai ba, bango ma haƙƙi ne.

Tambayarki ta biyu kuwa, ta me na tara, ga shi ba ƙari ba ragi. Kututture ɗaya mai toho uku. Ƙwallaye talatin da ɗaya: goma sha biyu na hannunki, tara na shuka a gwangwani a bakin tagata, huɗu sun fito, goma na ajiye zan taho da su da kaina. Takardar gargaɗi ɗaya. Sai jaka sabuwa, ba komai a cikinta tukuna.

Wassalam.

Ni ne ƙanenki,
mai ban ruwa.